Tafarnuwa a Safa

Maigidana mutum ne da ba ya wasa da sahun gaba. A masallacin layinmu a Aboabo kuwa, ƙafa da ƙafa ake haɗawa, shi kuma ya fi kowa naci: ka janye, ya biyo ka. To, wankin mota yake yi, yini ƙafarsa cikin ruwa, ga alwala a kai. Tsakanin yatsunsa ya jiƙe ya yi fari, yana tsagewa, yana ƙaiƙayi. Maƙwabtansa na sahu suka fara matsawa, har aka bar masa fili dama da hagu kamar mai kuturta. Abin ya ci masa rai ƙwarai.

Ɗiyar ƙanwata, mai karatun haɗa magunguna, ta zo gaishe mu daga Buokrom. Ta duba ƙafar ta ce, "Baba, dangin fumfuna ce. Fatar fumfunar, wani irin kitse ke riƙe ta. A tafarnuwa da kanumfari akwai abin da ke lalata kitsen nan, fatar ta huje, ta mutu. Amma ɗan kaɗan, cikin man kaɗe, a hankali. Ko dai ka sayi man shafawa a kemis."

Cikin bayanin nan duka, tafarnuwa kaɗai ta shiga kunnensa. Ya tafi kasuwa ya ciko leda, ya sa ni daka. Na ce, "Malam, miyar biki za mu yi?" Ya ce in yi abin da aka sa ni. Na kuwa daka! Ya dambara ta ɗanya, ya ja safa, ya tafi La'asar yana taƙama.

Wayyo, ba a kai raka'a ta biyu ba aka fara tari. Bayan sallama liman ya ja shi gefe, ya roƙe shi ya riƙa salla a gida tukuna. Da ya cire safar, fatarsa ta biyo ta. Fumfunar dai ta mutu, ba a musu.

Ya daɗe kwance, ƙafa bisa matashi, kunne a ƙofa. Na ji tausayinsa, wallahi, duk da haushin. Cikin mutanen da ya shekara yana cusa wa ƙafa, ba wanda ya leƙo dubiya. Kullum na dawo daga kasuwa sai ya ce, "Wa ya tambaye ni?"

Ni kuwa ba na ƙarya. Na ce, "Mai tafarnuwa."