Ranar da na tashi goge "wahala"

Cikin duk abin da ya faru da ni a shekarun karatuna a Samaru, akwai yini guda da ba na jin zai taɓa fita daga raina.

Lokacin intanet sai a kafe, shagon da ake biya a hau kwamfuta. 'Yan ajinmu sun buɗe dandalin tattaunawa, inda ake zuba komai: tambayoyin jarrabawar baya, cigiyar littafi, gardamar ƙwallo. Da rubutu ya yi yawa, neman abu ya koma aiki. Ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu, sai na rubuta shawara cewa a bar kowa ya maƙala wa rubutunsa kalma ɗaya ko biyu, kamar "jarrabawa" ko "ɗaki", don mai nema ya danna ya ga duk abin da ya shafe ta wuri guda. Aka karɓa, aka kuma ɗora mini kula da tsarin.

Sai 'yan ajinmu suka mai da abin wasa. An ɗauke wuta, "wahala". Wake bai dahu ba, "wahala". Shugaban wannan ɓarna wani ɗan Sabon Gari ne, iyayensa mutanen kudu, Hausarsa kuwa ta fi tawa gudu. Shi ne mai ba aji dariya, kuma shi ya laƙaba mini Farfesa.

Wata Asabar da hantsi na shiga kafe da niyyar goge kalmar gaba ɗaya. Amma halina ne, ba na goge abin da ban karanta ba. Na danna, rubuce-rubucen suka jeru, nasa sun fi na kowa yawa. A warwatse duk mun yi musu dariya. Da suka haɗu sai na ji dariyar ta tsaya mini. A ɗaya ya ce kawunsa tela ya gaji da Zariya. A wani ya tambayi ko bencin aji na da daɗin kwana. Na ƙarshe ya ce wa ke son littattafansa kyauta, sun yi masa nauyi. Ga jarrabawar ƙarshe ta ƙarato.

Na hau bas zuwa Sabon Gari, ina ta haɗa maganar da zan yi tana rushewa. Da tambaya na gano shagon kawun nasa, a wani layi wajen Muchia. Na same shi yana ɗaure keken ɗinki da igiya, ga tabarmarsa a naɗe a bayan kantar shagon. Ashe nan yake kwana tun shigarmu jami'a.

"Farfesa! Ɓatan hanya ka yi, ko an buɗe laburare a layinmu?"

Na ce, "Tafiya za ka yi?"

Ya ci gaba da jan igiya. "Kawu zai koma gida. Mai shago ya ba wani. In zauna a ina, kan bishiya?"

"Ɗakina," na ce. Duk jawabin da na shirya a bas, abin da ya fito ke nan.

"Kai da ko tari aka yi sai ka ɗago kai? Ina minshari fa. Ina waƙar coci da asuba."

"Da asuba ai na riga na tashi salla."

Kawun, wanda ke jin mu daga ciki, ya leƙo da almakashi a hannu. "Ɗana, ɗauke shi. In ya dame ka da surutu, ba shi abinci, shi kaɗai ke rufe masa baki."

Abokin nawa ya saki igiyar. Sai ya sunkuya ya ɗauki tabarmarsa.

Ya yi minsharin, ya yi waƙar, ya hargitsa mini jerin littattafai har na daina gyarawa. Muka rubuta jarrabawa tare, muka fita tare. Yau 'ya'yansa Baba Farfesa suke ce mini.

Abin da na koya shi ne, akwai mutanen da ba su iya cewa a taimake su ba sai cikin raha, kaɗan yau, kaɗan gobe. Tun daga ranar, in mai ba mutane dariya ya faɗi abu, nakan yi dariyar, sannan in tsaya in saurari sauran.