Shuɗin Morenike

Da faɗa suka san juna. Gbenro ya zo cin amala a rumfar Iya Sikira a Yaba, ya bar kwano yana hucewa, ya kafa wa zanenta waya yana ɗaukar hoto.

Ta ɗaga muciya. "Kai, marar ta-ido, na haifi wanda ya girme ka. Me ka ajiye a ƙuguna?"

"Yi haƙuri, Iya, shuɗin nake so. Irin na matata ne, rinin Abeokuta."

Matar, Morenike, ta rasu bara. Danginta sun rabe kayanta, ko ɗankwali ba su bar masa ba.

Gbenro mai yi wa shafin intanet ado ne a wani ƙaramin kamfanin tikitin mota. Ba fenti yake shafawa ba, rubutawa yake cikin umarnin da ake ba kwamfuta: nan launi kaza, nan girma kaza. Kafin a saki shafi, wata manhaja ta bi ta tsince adon, ta haɗa shi wuri guda, don kada wayar talaka ta wahala.

"Ashe tuƙin amalar asuba ne," in ji Iya da ya yi mata bayani. "A tuƙa sau ɗaya, kowa ya zo a yankar masa."

Ya auna shuɗin nan daga hoton, ya raɗa masa Morenike, ya sa shi a maɓallin da matafiya ke dannawa. Shekara da shekaru, duk mai zuwa Ibadan ko Ilorin sai ya taɓa ta. Kullum sai ya nuna wa Iya, ita kuma ta ce ya ci abinci tukuna.

Sai aka kawo sabon shugaba mai son launin ruwan lemo. Gbenro bai yi musu ba. Ya canja maɓallin, ya bar shuɗin a rubuce can ƙasa, wai ya ɓoye ta. Shi da ya fi kowa sanin halin manhajar: adon da ba a sa wa komai ba, ba ta ɗauka. Aka saki shafi, ya bincika sama da ƙasa. Morenike tana nan a kwamfutarsa, amma ba ta ƙara isa wayar kowa ba.

Daga nan ya fara ramewa. Ran da ya zo sallama zai koma Ogbomoso, Iya ta miƙo masa zanen a ninke. Wanki ya cinye shuɗin, ya koma kamar toka.

"Ya koɗe, na sani, ba sai ka faɗa ba. Kai wa tela ya fitar maka da hula. Kuma sawa za ka yi, ɗana, kada ka kuskura ka ɓoye ta a akwati."