Gawon Bayan Gidan Kaka Tumba

Ranar wata Laraba ce, a damina ta farko bayan an ba mu Jihar Zamfara, ina 'yar shekara tara. An yi mana dogon hutu, Baba ya ɗauko ni daga Ƙauran Namoda ya kai ni wurin mahaifiyarsa, Kaka Tumba, a wani ƙauye gaba da Zurmi. Ruwa ya kwana yana zuba, da safe gari ya yi luf, ƙasa na ƙamshi, gero ya kai mini kafaɗa. Duk itacen gidan ya jiƙe, murhu sai hayaƙi yake yi. Kaka ta miƙo mini 'yar adda ta ce in zaga gonar bayan gida in samo mata busassun ƙirare. Ni kuwa dama haushi nake ji, don 'yan uwana sun ishe ni da tsiya, wai 'yar birni ko surfe ba ta iya ba. Na ƙudura a raina yau sai na ba su kunya.

Can tsakiyar gonar na hango shi. Wani ɗan itace ne, kaurinsa bai wuce hannuna ba, fari fat, ƙaya ta ko'ina, babu ganye ko ɗaya a jikinsa. Komai na duniya kore ne, shi kaɗai ya tsaya tsirara. Na ce Alhamdu lillahi, ga matacce Allah ya ba ni. Na duƙa na yi ta sara, ƙaya na yagar mini hannu, har ya faɗi. Na jawo shi ƙiii har tsakar gida ina haki, ina jiran yabo.

Kaka tana tankaɗe. Ta ɗago kai, rariyar ta tsaya a hannunta. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta nemi bulala ba, da ma dukan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta taso ta karci ɓawon da farce, sai ga kore shar yana ruwa. "Kulu, ɗiyata," ta ce, "wanga icce bai mutu ba, kwana shi ke yi." A ranar na san gawo, itacen da ke zubar da ganyensa lokacin da sauran ke tohuwa, ya bar wa gero rana da taki, sannan ya yi kore da rani sa'ad da dabbobi ba su da abin ci. A ranar kuma na san cewa marigayi kakana, Malam Ɗanjuma, shi ya tsinci tsiron yana noma, ya kewaye shi da ƙaya, ya yi shekara uku yana kare shi daga awaki. Da ya kwanta ciwon ajali, cikin abin da ya bar wa Kaka har da amanar gawon nan.

Da azahar ta ɗauki buta ta ce in ɗauki tawa. Muka tsuguna gaban ɗan kututturen da na bari, muka yi alwala a gindinsa. "Ruwan alwala ba ya zuba banza," in ji ta. "Ki wanke hannun da ya yi ɓarna, abin da ya zuba shi sha." Na tambaye ta ko zai tashi. Ta ce ita ba ta sani ba, saiwa tana ƙasa, sauran na Allah ne.

Haka hutun ya ƙare mini. Da safe mu tafi rijiya, mu tsinko tafasa da lalo a bakin gona, mu jira Fulanin rugar gabas su kawo nono. Da yamma 'yan uwana su baje duwatsun carafke a ƙofar gida, ni hankalina yana bayan danga. Azahar da la'asar ba na fashi. Nakan daɗe a tsugune ina kallon ruwa na nutsewa, tururuwa na kewaya shi, gero na kaɗawa a saman kaina, har in manta sallar ma ban yi ba, sai Kaka ta ƙwala mini kira. Kullum sai na duba, kullum kututture ne kawai. Ranar da Baba ya zo ɗaukata na yi kuka har da majina, kowa ya zaci rabuwa da Kaka ce.

Bayan an yi girbi, wata rana na dawo daga makaranta na tarar da wani mai sayar da albasa daga ƙauyen yana jirana a zaure. Ya ciro ƙullin tsumma daga aljihu. Na kwance, sai ga wasu 'yan ganyayyaki ƙanana, sun ɗan yi yaushi. Ya ce, "Tsohuwa ta ce in gaya miki, gawo ya yafe." Ashe tun tafiyata ita ke jan ƙafa da butarta zuwa gindinsa. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, da na je hutu, ya riga ya wuce ni tsawo, kuma da ranin nan Kaka ta rasu.

Yau shekaruna sun ja, ina zaune a Ƙaura da 'ya'yana. Ƙauyen ya watse saboda rashin tsaro, gonar ta koma daji, rabona da ita an daɗe. Kwanaki wani ɗan acaɓa da ya ratsa ta can ya ce mini gawon yana nan, mutum biyu ba za su rungume shi ba, babu mai hutawa a inuwarsa sai tsuntsaye. Ina kewar wurin nan ƙwarai. A gidana akwai famfo da kwata, amma har gobe a gindin zogale nake alwala, kuma ban yarda yarana su sari ko da kara ba sai sun karce shi da farce. Autata takan yi mini dariya, ta ce Mama ai wannan ya mutu. Nakan ce mata ta dai duba tukuna.