Fasinjan da Muka Ɗauko a Filin Kasuwa

Jama'a, wallahi wannan ni ya faru da ni, ba a bakin wani na ji ba. Shekarun baya ina tuƙa wa wani kamfani motar zana taswira, irin mai kyamara a kan rufi kamar an kifa tukunya, tana ɗaukar hoton kowane layi, tauraron ɗan'adam yana nuna inda take. Aka tura mu Tudun Wada da Doguwa, ni da Injiniya Sabo, mutumin da ko ruwa ake yi sai kwamfutarsa ta faɗa zai yarda. Dokar kamfani kuwa ɗaya ce: direban da ya ɗauki fasinja ya ajiye makulli.

To akwai wata na'ura a motar mai jin motsi da karkata, ita ke riƙe hanya idan gine-gine suka tare tauraro, kuma kullum da safe sai an yi ta zagaye da mota kamar lamba takwas kafin ta dawo hayyacinta. Ran nan muka samu filin kasuwar wani ƙauye, ba ranar cinta ba ce, fayau ba kowa, na shiga ina juyi abina. Sai wani dattijo Bafulatani mai shanu ya tsayar da mu.

Ya ce, "Samari, kun yi sallama kuwa?"

Injiniya ya ce, "Baffa, wa za mu yi wa? Ai ba kowa."

"Ranar da ku ba kwa ci, ai wasu ke ci."

Injiniya ya yi dariya, ni ma na taya shi, don ogana ne.

Kwana biyu sai ga wayar manaja daga Kano, wai wane ƙato na ɗauka? Na'urar ta nuna tun daga filin nan har Doguwa motar a karkace take ta hagu. Muka buɗe hotuna. Kwamfutar tana dusashe fuskar duk wanda ta gani don kare sirrin mutane, to filin nan da ba kowa ta cika shi da dusassun fuskoki, jere-jere kamar masu rumfa, ga kuma ɗaya a kan rufinmu daf da kyamara, a kowane hoto yana nan har Doguwa. Ga ni da 'ya'ya huɗu, ga kora a kan fasinjan da ban ma gani ba.

Muka koma muka nemo Baffa, ya ce yadda muka ɗaura haka za mu kwance. Da rana tsaka na yi takwas ɗin nan da ribas, kaina a waje ina cewa, "Salamu alaikum, ranka ya daɗe an iso, a yi haƙuri a sauka." Injiniya kuwa ya rungume kwamfuta yana ta Ayatul Kursiyyu. Na rantse muku, muna ji gefen hagu ya ɗaga.

Manaja ya ga hotunan, bai sake tayar da maganar ba, aikina ya tsira. Motar ma ta miƙe sarai.

Sai dai kun san ɗan akwatin da waya ke zanawa a kan fuska idan za a ɗauki hoto? Har yau in na ɗauki kaina ni kaɗai, biyu yake fitowa, ɗaya a saman kafaɗata ta hagu. Don haka duk filin da kuka gani ba kowa, ku yi sallama, kuma don Allah kada ku taya oga dariya.