Ranar da Aka Gwada Jinin Barewar Dogo

Shekara goma sha tara Dogo yana kiwon bareyi a gidan namun daji. Cikinsu akwai jajaye biyu, namiji da mace, da suka shekara huɗu a keji ɗaya ko ɓari babu. Manaja, wanda bai san barewa ba sai a hoto, ya ce sakacin Dogo ne, ƙarshen wata ya tattara nasa ya nasa.

Dogo ya ce, "Ranka ya daɗe, launinsu ne ɗaya, iri kowa da nasa."

Aka ɗebi jininsu don a rufe masa baki.

Ranar sakamako Dogo yana tsaye bakin ɗakin gwaji, hula a hannu. Likitar dabbobi ta duƙufa kan madubinta na ganin ƙananan halittu tana ƙirga zaren gado na cikin jinin, wanda kowane irin dabba ke da nasa adadin. Ta gama, ta sake ƙirgawa, manaja na buga ƙafa.

Can ta ɗago. "Baba, na namijin hamsin, na macen talatin da biyu. Waɗannan ba dangi ba ne. Yaya aka yi ka sani?"

"'Yata, ni ke share kashinsu kullum, bai taɓa yin kama da juna ba."

Manaja ya yi gyaran murya, ya ce gobe Dogo ya zo aiki da wuri.