Fasfon Malama Sherifa

Malama Sherifa 'yar Zangon Kumasi ta yi shekara goma sha ɗaya tana koyar da lissafi a wata makarantar 'ya'yan baƙi a Kuwait. Ita ke aikin, amma a takarda "mataimakiya" ce, domin iyayen yara fasfon Turawa suke son gani. Ranar taron iyaye sai a tsayar da wata Baturiya gaban allo, wadda bakwai sau takwas ke ba ta ciwon kai, a tura Sherifa rabon lemo.

Ta yi zuciya ta taho unguwar Bronx a Amurka. Yanzu jinyar tsofaffi take yi a titin Grand Concourse, bayanta ya gama lalacewa.

Bara ta sami fasfon Amurka. Ai kuwa sai ga wasiƙar makarantar nan, wai suna maraba da "malama Ba'amurkiya".

"Yaya, ki koma mana," in ji ƙanwarta Fusena. "Bayan nan naki ba zai kai baɗi ba."

"Ƙwaƙwalwata aka canja ko bangon takarda? Marasa kunya!"

Sati guda tana tsine musu. Ranar da ta ɗaga wani tsoho ta kasa miƙewa, daga kwance ta sa hannu ta karɓi aikin makarantar, har biron ya huda takardar.