Kawu Haladu da Allah Ya Isar da Ya Yi Wa Jamusawa

Zawaciki, kafin asuba

Ladan bai ko gyara murya ba na ji ana dukan ƙyauren gidana da kan sanda. Kawu Haladu ne, ƙanin mahaifiyata, ya sha rigarsa ta Juma'a alhali ranar Talata ce. An kwana ana yayyafi, ƙasa sai ƙamshi take yi, kwaɗi suna ta musu a kududdufin bayan gida.

"Auwalu, haka 'yan boko suke barci?"

"Kawu, ai ko sallah ba a kira ba."

"To, ta same mu a shirye."

Tafiyar da zan ba ku labari ba ta fita daga Kano ba. Na shekara talatin ina koya wa yara labarin waɗanda suka keta Sahara a kan raƙumi, don haka na san matsayin tawa. Sai dai dalilinta ya fi ta nisa.

Kawu makanikin injin saƙa ne. Yana saurayi ya yi aiki a wata masaƙa a Bompai, ƙarƙashin wani injiniya ɗan ƙasar Folan, can gabashin Turai. Sunan mutumin ya fi ƙarfin harshen ma'aikata, suka mai da shi Yunusa. Wata rana Kawu ya gan shi da baƙin ƙyalle a damtse, ya tambaya. Yunusa ya ce juyayin mahaifinsa yake yi, hafsan soja ne da aka kama a Yaƙin Duniya na Biyu, aka harbe shi tare da dubban fursunoni a wani daji. Kawu ya ce wa ya yi wannan aiki? Yunusa ya ce Jamusawa. Kawu yana son mutumin nan, kuma ba shi da abin da zai ba shi, sai ya yi masa abin da ya iya. Tun daga ranar, bayan kowace sallar asuba, sai ya yi wa Jamusawa Allah ya isa. Yau fiye da shekara arba'in ke nan.

A watan jiya ya ji a rediyo cewa Rashawa ne suka yi kisan. Ya zo ya tambaye ni. Na ce haka ne, su da kansu sun amsa.

"Littafin da ka karanta kana yaro me ya ce?"

Na ce wancan ya ɗan yi kame-kame.

"To ni ba na karɓar shaidar takarda. Ka kai ni wurin wanda ya ji da kunnensa. Mamman Direba shi yake tuƙa Yunusa. Likita ya ce zuciyata ta gaji, Auwalu. In na ɗora wa mutane abin da ba su yi ba, ni za a tsare a tambaya."

Muka yi sallah, muka ɗauki shatar adaidaita sahu na wani ɗan Ringim mai suna Sale, muka tashi gari bai gama wayewa ba.

Challawa

Challawa hanci ne yake fara isa gare ta kafin ido. Warin jima ya tarye mu tun daga kwana, mu kuwa da muka tashi a nan kusan gaisuwa muke ɗaukarsa. Hazon damina ya kwanta a kan titi. Ma'aikatan dare suna fitowa daga cikinsa a kan kekuna, shiru, kamar mutanen da aka yi mafarkinsu ba a ƙarasa ba.

A nan aka ce Mamman ya yi gadi a wata majemar fatu bayan ya bar tuƙi. Kafin mu isa na ga dama ta samu, na buɗe aji. Na gaya wa Kawu cewa sunan dajin Katin. A shekarar 1940, a watannin da zafi yake farawa a nan wurinmu, mahukuntan Tarayyar Sobiyat, wato Rasha ta wancan zamani, suka harbe fursunonin Folan sama da dubu ashirin, a wannan daji da wasu wurare, aka binne su a ramuka, aka dasa 'ya'yan itatuwa a kai. Sojan Jamus suka ci yankin, bayan shekara uku da kisan suka tone, suka yi shela. Rasha ta ce ai ku kuka yi. Aka yi ta nuna juna da yatsa har shekara hamsin.

"An ce harsasan na Jamus ne," in ji Kawu.

"Na Jamus ne, Kawu. Rashawa saye suka yi."

"Fartanyata ma ƙirar Caina ce," in ji Sale, bai ko waiwayo ba. "Amma in gero ya ƙi, ni ake zagi."

Kawu bai yi dariya ba. Yana kallon layin darbejiyar da ke bakin hanya, rabinsu a cikin hazo. Ya ce, "Itatuwan da aka dasa a kansu, yanzu sun yi kamar waɗannan?" Na ce sun fi su tsawo, sirara ne, ganyensu kamar allura. Ni ma ban taɓa ganinsu ba. Amma a wannan safiya, da hazo ya shafe rufin masana'antu, sai na ga kamar da za mu sauka mu bi tsakanin itatuwan nan da ƙafa, can za mu ɓulla, inda ƙasa take da sanyi, ba a jin komai sai ɗigar ruwa daga ganye.

Mai gadin majemar wani mutumin Maraɗi ne. Ya ce Mamman ya daɗe da barin aiki, mu tambayi Hajiya Ladi mai waina a Sharada, babu tsohon ma'aikacin da ba ta san inda ya faɗa ba. Kawu bai motsa ba. Ya nuna mini bakin ƙofar da sanda.

"Bayan masaƙa ta mutu na yi aiki a nan. Wani Bajamushe ya zo haɗa inji, yaro mai fara'a. Ya miƙo mini hannu a daidai nan, na mai da nawa baya. Wata guda muna aiki tare, ban taɓa amsa gaisuwarsa ba."

"Ya tambaye ku dalili?"

"Ya ɗauka addini ne ya hana."

Sharada

Muka biyo titin Panshekara muka shiga Sharada rana ta fara leƙowa. Manyan motoci sun yi layi a ƙofar kamfanonin roba da na tabarma, ruwan daren jiya ya cika ramukan titi, kowane rami da tasa samaniyar a ciki. Sale ya bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya ba tare da nuna bambanci ba.

Hajiya Ladi tana zaune a bakin tanda, jikokinta suna miƙa kwano. Da ta ga Kawu sai ta ajiye cokalin juya waina.

"Haladu Sarkin Surutu. Ashe kana nan? Na ɗauka an daɗe da cin gumbarka."

"Ina jira ki riga ni, Ladi, in ci taki."

Ta zuba mana waina da miyar taushe, ta ƙi karɓar ko sisi. Wainar ta yi laushi, miyar ta ji kabewa. Da muka faɗa mata abin da ya kawo mu, sai ta dubi wuta.

"Yunusa," ta ce. "Mai cin waina da sukari. Duk shekara in zafi ya fara, sai ya sayi tanda guda ya ce a raba wa ma'aikata. Ban taɓa tambayarsa dalili ba. Mutum in ya yi sadaka ai ba a bin ba'asi." Ta ce Mamman yana Hotoro wurin ɗansa, idanunsa sun tafi amma kansa garau. Ta ƙulle waina a leda ta ce mu kai masa.

Bompai

Daga Sharada muka bi ta titin Gidan Zu. A wajen Dangi masu kula da titi suka tsai da mu, ɗayansu ya leƙo, ya ga farin gemun Kawu, ya ce, "Baba, a sa mu a addu'a," ya ɗaga mana hannu. Kawu ya ce in ya gama gyara wadda ke hannunsa.

Hanyar Hotoro ba ta bukatar a shiga Bompai, amma Kawu ya ce a shiga. Muka ratsa Nassarawa da manyan itatuwanta, muka isa tsohuwar masaƙar wajen hantsi. Yanzu rumbun ajiye katan-katan na taliya ce. Mai gadi ya bar mu muka tsaya daga bakin zaure. Haske yana zubowa ta hujojin kwano, tantabaru suna yawo a kan ƙarafan rufi.

Kawu ya rufe ido. Ya ce, "Ka ji?" Ban ji komai ba sai kukan tantabara. Ya ce a da in injuna suka tashi, mutum ba ya jin muryar kansa, auduga tana yawo a iska tana sauka a gira da gemu, kowa ya fito kamar ya tsufa a yini ɗaya. Yunusa yakan tsaya a cikinta ya buɗe tafin hannu, ya ce haka dusar ƙanƙara take sauka a garinsu. Na tsaya ina kallon ƙurar da ke juyawa a cikin hasken, har na fara ganinta fara.

"A wancan lungun ya gaya mini," in ji Kawu. "Akwai wani ɗan ƙasarsu a tsaye, mai jaka, wanda yakan zo daga Legas ya duba su."

Na buɗe baki zan yi sharhi, na tuna an ce ba a son shaidar takarda, na rufe.

Hotoro

Mun sami Mamman Direba a kan tabarma a ƙofar gida, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, dogon mutum ɗan Damagaram. Kawu ya yi sallama sau ɗaya.

"Wannan murya ko a kabari na san ta. Haladu, wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Tambaya na zo yi."

Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka lissafa waɗanda suka riga mu, aka ci wainar Hajiya Ladi. Sai da aka yi azahar sannan Kawu ya kawo maganar. Mamman ya daɗe yana murza carbi.

"Na ji da kunnena," ya ce. "Ba sau ɗaya ba. In muka ɗauki hanyar Tiga ran Lahadi, sai ya ce in ɗaga gilashi. Daga ni sai shi sai shanu a bakin hanya, amma sai an ɗaga gilashi. Sannan ya ce, Mamman, Rashawa ne suka kashe ubana. Uwarsa ta san haka, duk garinsu an sani. Amma gwamnatinsu a hannun Rasha take, wanda ya faɗa a fili ya rasa aiki, ko ya rasa fasfo. Shi kuwa matarsa da 'ya'yansa biyu suna can."

"Ni ya ce mini Jamusawa," in ji Kawu.

"A gaban wa?"



"A gaban mai jaka," na ce.

"To."

"Amma bayan mai jaka ya tafi fa?" in ji Kawu. Muryarsa ta yi ƙasa. "Shekara shida muna tare. Ni nake riƙe masa sifana. Me ya hana ya ja ni gefe?"

"Kai da wannan bakin naka? Haladu, da ya gaya maka da hantsi, kafin la'asar Legas ta ji."

Na ɗauka Kawu zai yi fushi. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa, ta koma tari, tarin ya kawo hawaye, ya bar su suna zuba. Mamman ya laluba ya kama hannunsa.

"Yunusa ya san kana yi masa addu'a," ya ce. "Na gaya masa. Ya rufe fuska da hula har muka kai Kwanar Ɗangora."

Don in sauƙaƙa wa Kawu, na ce ai Jamusawan wancan zamani sun yi ta'asar da ta ishi kowace irin Allah ya isa, a Folan ɗin ma. Ba a yi asarar ko ɗaya ba.

"Wannan tsakaninsu da waɗanda suka yi wa," in ji shi. "Ni wannan na ɗora musu, kuma ba su yi ba."

Ya gyara zama ya fuskanci gabas, ya ce mu zama shaida. Ya ce ya janye, ya nemi gafarar Ubangiji, ya nemi afuwar mutanen da bai sani ba, da ta yaron nan mai fara'a, ko yana raye ko ya mutu. Muka shafa. Sale ma, da ke kishingiɗe a cikin adaidaita, ya shafa.

Komowa

Muka biyo ta bayan gari, ta Unguwa Uku da Na'ibawa, hadari yana haɗuwa a gabas. Kawu ya yi barci, kansa a kafaɗata, mara nauyi kamar na jariri. Gonakin Kumbotso sun yi kore shar, masara tana kaɗawa. Yayyafi ya sauko a hankali, Sale ya saki labule.

Mun isa Zawaciki ana kiran magariba. Na riƙe Kawu ya sauka, na raka shi ƙofar gida. Malami ba ya iya barin darasi ba a rufe ba, sai na ce, "To Kawu, gobe da asuba sai a juya ta kan Rashawa ke nan."

Ya tsaya, ƙafa ɗaya a kan dokin ƙofa.

"Waɗanne? Su ma akwai masu fara'a a cikinsu." Ya girgiza kai. "Shekara arba'in ina kai wa Allah suna, kamar bai halarci wurin ba. Gobe cewa kawai zan yi, 'wanda ya yi.'"

Ya shiga. Ni kuma na gode wa Sale da haƙurinsa, da Hajiya Ladi da wainarta, da Mamman da ya riƙe amanar gilashi har ranar da ta kamata a sauke shi. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, tsohon nan yana numfashi.